Akwatin da na ƙwace daga bayan tsoho a Shimla

Duk wanda ya ji na je Indiya, tambayarsa ta farko ko na ga 'yan fim. Ban gan su ba. Abin da na gani kuwa na daɗe ban iya faɗa wa kowa ba, sai yanzu da abokaina na garejin Kuje suka ishe ni da tambaya, na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Sunana Hamisu. A aji uku na sakandare na ajiye biro, ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na yi acaɓa har aka hana mu shiga cikin gari, na sayar da katin waya ƙarƙashin lema a Gwarinpa, na yi kwandasta a motar Gwagwalada, na fara koyon gyaran janareta na bari. Lokacin Abuja kamar da bokiti ake zuba mata kuɗi, kullum ka tashi sabon bene ya tsiro, kuma duk babban da ya yi tari sau biyu sai ka ji an ce ya tafi Indiya ganin likita. To shi Kawu Bala, yayan Ummata, nasa ba na gayu ba ne. Ya yi ritaya daga ma'aikatar tarayya bai fi shekara ba zuciyarsa ta fara ba shi matsala, aka ce sai an yi masa aiki a Delhi. 'Ya'yansa wasu na ofis, wasu na makaranta. Aka duba dangi kaf, aka nemo wanda in ya tafi babu abin da zai tsaya. Ni ne. Umma abu ɗaya ta ja min kunne a kai: "Kada ka bari Yaya ya ɗauki ko da butar alwala ce."

Delhi ba zan daɗe a kanta ba. Zafinta ya fi na Gwagwalada a watan bazara, kuma ba ya sauka ko rana ta faɗi. Sati uku ina kwana a kujera kusa da gadon Kawu. Ni da nake tunƙaho na iya Indiyanci, ashe duk abin da na tara a gidan kallo na soyayya ne da ɗaukar fansa, babu wanda za ka tambayi banɗaki da shi. Abinci kuwa duk kala ɗaya yake yi min a baki. Dambun naman da Umma ta ƙullo mana shi ya riƙe ni, ina ci da ɗan tsinke don kada ya ƙare.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Likita ya ce saura dubawa ta ƙarshe nan da sati biyu, in da hali Kawu ya bar zafin nan ya je inda ake sanyi, ya riƙa tattaki a hankali, kada ya ɗaga komai mai nauyi. Kawu mutum ne mai cin littafi kamar gara. Nan take ya ce Shimla za mu.

"Ina ne kuma Shimla, Kawu?"

"Kan dutse. A da can Turawa suke kwashe gwamnati ɗungurungum su kai in zafi ya zo. Irin waɗanda suka mallake mu ne, Hamisu sarkin yawo. A nan suka koyi sana'ar kafin su iso mana."

Daga wani gari da ake kira Kalka muka shiga jirgin ƙasa ɗan ƙarami, kamar na wasan yara. Yana hawa yana kewaya dutse, ya shiga rami ya fito, ya sake shiga, har na daina ƙirgawa. In ka leƙa taga ba ka ganin ƙasa, sai kan bishiyoyi. Kunnena ya toshe, na yi amai sau biyu. Wata tsohuwa da ke fuskantarmu ta ɓare lemo ta miƙo min ɓawon, ta nuna in riƙa shinshinawa. Ya yi min magani kuwa.

Da la'asar muka isa. Ina sa ƙafa a ƙasa sanyi ya mare ni. Gajimare har cikin tasha yake shigowa, ka miƙa hannu ka taɓa shi. Na ɗaga kai na ga gari a tsaye, gida a kan gida a kan gida, kamar an jera kwanuka. Aka ce mota ba ta hawa can sama inda masaukinmu yake, sai dai ƙafa.

A bakin tasha akwai 'yan dako a zaune a layi, sanye da wasu dogayen riguna na ulu, kowa da igiya a naɗe a kafaɗa da lambar tagulla a dantse. Wani mai ƙaton gashin baki yana tsaye da usur a wuya, shi ke nuna wanda zai tashi. Shi ne ciyaman ɗinsu. Ni duk ban kula sosai ba, hankalina na kan wani biri da ya ƙwace ledar wata mata ya haye rufi yana buɗewa kamar shi ya saya.

Da na juyo, sai na ga akwatinmu yana tafiya. Babban akwatin Kawu, wanda ke ɗauke da magunguna da fayil-fayil ɗin asibiti da littattafansa da garin kunu. A ƙarƙashinsa wani dattijo ne, gemu fari tas, ya sunkuya, igiya ta zagaye akwatin ta biyo ƙirjinsa. Kawu na biye da shi a hankali.

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Ku kun san yadda aka rene mu. Yaro ba ya tafiya hannu sake babba na ɗauke da kaya, ko ba ka san shi ba, ko a ina ne. Na taɓa shan mari a kasuwar Kuje daga hannun mutumin da ban taɓa gani ba, don na wuce wani tsoho da ƙunshin rake ban karɓa ba, da na kai ƙara gida Umma ta ƙara min. Kuma kun san babba ba ya saki da wuri. Zai ce bar shi, bar shi, na kusa, kai kuma sai ka dage har ya sakar maka. Wanda ya ji "bar shi" ya bari, shi ne marar tarbiyya.

Na ruga. "Haba Baba! Haba Baba, kawo!"

Na kama igiyar. Ya riƙe. Ya yi magana da yarensu yana girgiza kai. Na ce a raina, to, irin namu ne ashe. Na ƙara ja.

"Hamisu, ƙyale shi ya yi aikinsa," in ji Kawu, yana haki.

"Kawu, dubi gemunsa fa! Ya haifi Umma!"

Na fizga da ƙarfi. Ƙullin ya kwance, akwatin ya goce gefe, dattijon ya yi taga-taga, gwiwarsa ɗaya ta kai ƙasa. Daƙiƙa ɗaya ce, ya miƙe. Amma daga layin 'yan dakon nan aka kwashe da dariya. Ni a zatona daɗi suka ji, sun ga baƙo mai ladabi. Na cicciɓi akwatin na aza a ka, abin da babu mai yi a garin, dariya ta ƙaru. Har hannu na ɗaga musu.

Dattijon ya biyo mu yana magana, yana bubbuga lambar dantsensa da yatsa. Na ciro kuɗi na miƙa masa, don a ganina ya ci bulus, ga kuɗi ga hutu. Ya mayar da hannuwansa baya. Ya tsaya nan a gindin matakala, muka hau muka bar shi.

Hawan nan saura kaɗan ya kashe ni. Iskar garin ba ta cika ƙirji, ka ja ka ja kamar ana maka rowa. Na sauke akwatin ya fi sau goma, ina fakewa da cewa Kawu nake jira. Masaukin kuma wani ɗan kamasho ne ya nuna mana hotonsa tun a jirgi, taga tana kallon duwatsu masu farar ƙanƙara. Da muka buɗe labule, bango ne da bututun ruwa, birai na zirga-zirga a kai. Kawu ya yi dariya har ya dafe ɗinkin ƙirjinsa. Ni kuwa na kwanta da ciwon wuya, amma raina fari, ina jin na fitar da Umma kunya a ƙasar mutane.

Kowace safiya nakan raka Kawu tattaki a titin sama. Shi kaɗai ne shimfiɗaɗɗe a garin, ba mota, ba hayaniya, an share shi tas. A nan duk gine-ginen Turawa suke. Akwai wani coci ruwan ƙwai mai doguwar hasumiya, akwai ofisoshi na dutse da katako masu rufi kamar hular sanyi, akwai tsohon gidan wasan kwaikwayo inda Kawu ya ce matan hafsoshi ke zuwa kashe lokaci. Wata rana muka je har gidan babban gwamnansu, wani ƙaton gini na baƙin dutse a tsakiyar lambu. Kawu ya tsaya yana shafa bangon.

"Daga ɗakin can ake yanke wa mutanen da ba a taɓa gani ba hukunci," ya ce. "Ka lura da garin nan? Sama ta masu mulki, ƙasa ta masu aiki. Maitama da Nyanya ke nan, sai dai su a tsaye suka gina nasu."

A cikin gidan an rataye tsofaffin hotuna. A ɗaya, wata Baturiya ce da lema a cikin keke, maza huɗu ba takalmi, biyu na ja biyu na turawa. Kawu ya ce a zamanin, ɗan ƙasa in ba irin wannan aiki ya kawo shi ba, ba a maraba da shi a titin saman.

Na ce, "Ka gani ko, Kawu? Shi ya sa na ƙwace akwatin nan. Ni ba Bature ba ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uhm," ya ce kawai, ya ci gaba da kallon hoto.

In Kawu ya kwanta bayan azahar, ni kuma ƙafata ta fara ƙaiƙayi, sai in gangara tsohuwar kasuwa. Daga titin sama wasu siraran matakala ne ke sauka, ka bi su sai ka faɗa wata duniya. Lungu bai fi ka miƙa hannu ka taɓa bango biyu ba. Shago kamar kwaba, mai shi a naɗe a ciki. Nan masu kayan yaji, nan masu mayafan ulu, nan ana soya wata alawa mai zagaye a cikin mai, wayoyin lantarki a sama sun cukurkuɗe kamar gashin da ba a taje ba. Rufin wani shi ne ƙofar gidan wani. Duk inda na bi ana kallona, wasu su roƙi hoto, wasu su ɗauka ba roƙo. Wata mata mai gasa masara ta goga min lemun tsami da barkono a kan guda, na gatsa, sai kawai na ga bakin titin Kuje da damina. Na juya fuskata bango na ci sauran.

Kuma duk abin da ke cikin kasuwar nan, a bayan mutum ya hau. Firji, buhun shinkafa, katifa, siminti. Manyan motoci can ƙasa suke saukewa, 'yan dako su goyo su hau da su.

Rana ta biyar ina gangarawa, na ga tukwanen gas biyu suna hawowa. Wanda ke ƙarƙashinsu ya lanƙwashe har gemunsa na neman taɓa matakala. Yana taka ɗaya, ya tsaya, ya taka ɗaya. Numfashinsa na fita da ƙara kamar tayar da ƙusa ta huda. Sai da ya zo dab na gane shi. Dantsensa babu lamba.

Ku ji wauta: hannuna ya sake miƙewa zai taya shi.

Ya ɗago ido ya gan ni. Kalma ɗaya ya faɗa, a taƙaice, ban san ma'anarta ba amma jikina ya gane. Na manne da bango ya wuce. Na bi shi daga nesa har bayan wani gidan abinci, ya sauke, ya zauna a ƙasa. Ƙafafunsa rawa suke yi su kaɗai, ya sa hannu biyu ya danne su.

Washegari Juma'a. Masallacin a tsakiyar kasuwar yake, na riƙe Kawu muka sauka a hankali. A barandar masallacin na ga igiyoyi rataye a ƙusoshi, barguna a naɗe a jere. Ashe 'yan dakon nan Musulmi ne daga Kashmir, a nan suke kwana, iyalinsu na can gida. Bayan an sallame wani mai shagon mayafai, Bashir, ya ja mu shagonsa. Yana jin Turanci sosai. Ya sa aka kawo shayi, ja-ja haka, da gishiri maimakon sukari. Na kurɓa na kusa furzarwa, na haɗiye don kunya.

Ya dube ni ya yi magana, Kawu ya fassara. "Ya ce kai ne ɗan Afirkan da ya ɗauki akwati a ka. Duk kasuwa an san ka."

Na washe baki. Bashir bai yi dariya ba. Ya ci gaba da magana, doguwa, Kawu na saurare yana juya kofi a hannu. Da ya gama, Kawu ya juyo.

"Zan faɗa maka yadda ya faɗa, ba zan sa maka sukari ba. Sunan dattijon Abdul'ahad. Tun kafin a haife ka yake dako a garin nan. Tasha ita ce wuri mafi sauƙi, jakunkunan baƙi ne kawai, shi ya sa suke bar wa waɗanda suka manyanta. Amma sai mai lamba, kuma lambar ba ta da yawa, matasa na jiran wani ya kasa. An jima ana raɗe-raɗin gwiwarsa ta ƙare, shi yana musu. Ran nan kowa ya ga gwiwar a ƙasa, kowa ya ga baƙo ya ƙwace kayansa ya ɗauka da kansa. Kafin magariba ciyaman ya karɓe lambar."

"Amma Kawu ni na ja shi!"

"Su ba su ga haka ba. Sun ga baƙo ya tsorata kada tsoho ya fasa masa akwati. Yanzu can ƙasa yake zuwa wajen manyan motoci, abin da matasa suka raina shi yake samu."

Na ajiye kofin shayin. Na ce a ba shi kuɗi, duk abin da ke aljihuna, har agogona. Kawu ya faɗa wa Bashir. Bashir ya girgiza kai.

"Ya ce su ma 'yan kasuwa sun gwada, ya ƙi. Ya ce shi ba bara ya zo yi ba. Kuma abin da za ka ba shi zai ƙare a wata guda. Lambar ce ke ciyar da gidansa."

A ranar muka je tasha, Bashir ya raka mu. Na tsaya gaban ciyaman na yi bayani da Hausa, Kawu ya mayar Turanci, Bashir ya mayar yarensu. Na ce a ƙasarmu haka ake girmama babba. Da maganar ta isa, wani daga cikin matasan layin ya faɗi wani abu, aka yi dariya. Na matsa wa Kawu sai ya gaya min.

"Cewa ya yi Allah ya tsare shi da girmamawar ƙasarku."

Ciyaman ya murza gashin baki ya daɗe. Sannan ya ce ya yarda ba ƙarya nake ba, amma idonsa ya ga gwiwa a ƙasa, na sauran ma sun gani, kuma bakina ba zai goge musu ido ba. Abu ɗaya zai iya. Ranar da za mu tafi, Abdul'ahad ya ɗauko wannan akwatin dai, daga masauki har bakin jirgi. Kada ya zauna, kada ya sauke, kada kowa ya sa masa hannu. In ya iso, lambarsa ce. In bai iso ba, magana ta ƙare.

Kwana shidan da suka rage ban ƙara jin daɗin komai ba. Na daina sauka kasuwa don kada mu haɗu. Ina ta auna hanyar a kaina. Gangara ce, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya ya san gangara ta fi cin gwiwa. Ga shi Kawu ya ƙaro littattafai daga wani tsohon shago, da mayafai na tsaraba.

Ranar tafiya da safe, Kawu na wanka, dabara ta zo min. Na zuge akwatin na kwashe littattafai da fayil da duk wani abu mai nauyi, na zuba a jakar Gana-mas-go na tura bayan ƙofa. Na bar tufafi kaɗan don kada ya yi ƙara. Nufina in ba wani yaron otal ya bi da ita ta wata hanya.

Ƙarfe tara aka ƙwanƙwasa. Abdul'ahad ne. Ya wanke rigarsa, ya taje gemu, har kwalli ya sa. Ya yi wa Kawu sallama, ni bai dube ni ba. Ya warware igiya, ya kama hannun akwatin zai gyara shi. Ya ɗaga. Ya ajiye.

Ya dubi akwatin, sannan a karo na farko ya dube ni sosai. Ba fushi na gani a idonsa ba, da fushi ne da sauƙi. Ya fara naɗe igiyarsa zai tafi.

Kawu ya taɓa akwatin da ƙafa, ya ga ya motsa. Ya leƙa bayan ƙofa.

"Sau biyu ke nan, Hamisu. Na farko rashin sani ne. Wannan fa?"

"Kawu, tausayinsa nake ji."

"Tausayin kanka kake ji. Ba ka son a gan ka a bayansa hannu na dukan cinya. Mutanen da suka tsufa a dako, kana tsammanin ba za su gane tafiyar mai akwatin wofi ba? Tun daga nesa za su gane. Ka ga daga nan ba lamba kaɗai ya rasa ba, ya zama maƙaryaci." Ya nuna jakar da sandarsa. "Mayar. Duka. Yana kallo."

Na durƙusa a gaban ƙafafun dattijon nan, takalmin roba ne duk ya tsage an ɗinke da zare, na riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kowane littafi na ɗauka sai na ji nauyinsa a hannuna kafin in sa. Da na zuge, ya ɗaga ya gwada, ya gyaɗa kai. Sai ya nuna 'yar jakar da ke rataye a kafaɗata. Na ce a'a, wannan tawa ce. Ya ci gaba da nunawa.

"Ba shi," in ji Kawu.

Ya ɗora ta a sama, ya ɗaure, ya juya baya ya tsuguna, ya ce bismillah, ya miƙe. Na ji ƙarar gwiwarsa.

Muka fito ana yayyafi. Shi a gaba, Kawu da sanda, ni a baya ba ko tsinke a hannuna. Ban san inda zan sa hannuwan ba. Na sa a aljihu na ji kamar ɗan gidan gwamna, na fitar, na haɗa a baya na ji kamar ɗan sanda ya kamo ɓarawo. Muka bi titin sama, ta gaban cocin, ta gaban ofisoshin Turawa, mutane na wucewa babu wanda ya damu, a wurinsu ba komai ba ne. Ni kaɗai nake jin kamar duk Kuje ta fito bakin titi tana kallona, ɗan Hajiya Rabi, ƙato mai shekara ashirin da huɗu, yana rangaji a bayan mai farin gemu.

Da muka karya muka shiga matakala, sai na ga ashe akwai masu kallo. Bashir ya rufe shago ya zo. Mai masara ta bar gawayinta. 'Yan dako da ke hawowa da kaya suka raɓe suka ba shi hanya. Matakalar ta jiƙe, tana sheƙi. Yana sauka a karkace, ƙafar dama tukuna, sannan ya jawo ta hagu. Jijiyoyin wuyansa sun fito, igiya ta nutse a rigarsa.

A wata kwana takalminsa ya zame. Akwatin ya karkata hagu, ya tafi da shi. Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Sandar Kawu ce ta sauka a wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san mai ɗinki a ƙirji yana da shi ba.

"Kul!"

Na tsaya, hannuna bai fi taƙi ɗaya da akwatin ba. Dattijon ya buɗe ƙafa, ya sunkuya, ya tsaya cak. Na ƙirga numfashinsa, ɗaya, biyu, har bakwai. Ya girgiza kafaɗa, kayan ya koma tsakiya. Ya sa ƙafar dama a matakala ta gaba.

Sauran hanyar ban gan ta sosai ba, idona ya cika, na bar shi a kan yayyafi ne.

A tasha duk layin sun miƙe tsaye. Ciyaman na gaba. Abdul'ahad bai dube su ba, ya wuce har ƙofar taragonmu, ya juya baya, ya sauke akwatin a hankali kamar ƙwai ne a ciki. Ya kwance igiya, ya naɗe ta tsaf, sannan ya miƙe. Ciyaman ya zo ya kama hannun akwatin ya ɗaga, don kowa ya gani. Sai da ya sa hannu na biyu. Ya ajiye, ya laluba aljihu, ya ciro lambar. Matashin nan mai baƙar magana shi ya karɓa ya ɗaura masa a dantse.

Kawu ya biya shi ladan dakonsa, ya karɓa wannan karon. Ni kuma na yi abin da na iya, na cire takalmi na tsuguna a gabansa a kan simintin nan mai ruwa, na ce, "Baba, ka yafe ni." Ya kama kafaɗar rigata ya ɗaga ni da sauri, kamar na sake jawo masa wani abin kallo. Ya faɗi wata magana, 'yar gajeriya, ya bubbuga min ƙeya sau biyu. Bashir ya riga ya koma shago, Kawu kuma ba ya jin yaren. Har yau ban san ko yafewa ya yi ba, ko cewa ya yi in tafi in ba shi wuri.

Muka shiga, na zauna bakin taga. Wani jirgi ya iso ta ɗaya layin, mutane suka fara fitowa. Ciyaman ya busa usur, ya tsallake na gaba, ya nuna Abdul'ahad. Ya miƙe, ƙafafunsa ba su gama rawa ba, yana warware igiya, ya nufi wasu mata da miji da yara uku. Jirginmu ya fara motsi. Na leƙa har wuyana ya ƙage, ina so in ga kayansu kafin mu shiga rami.

Akwatinsu ya fi namu girma.